Neman shawara kan lens na kyamara: 50mm 1.8, 50mm 1.4 ko Sigma 30mm na hannu, wanne zan ɗauka?

MaiHotonAgege

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema kafin in zuba kuɗina inda zan zo ina cizon yatsa.

Ina aikin hoto a nan Agege, shekara ta biyu kenan da ogana ya sallame ni na fara cin gashin kaina, yawanci suna ne da walima da saukar karatu, sai ɗan biki in Allah ya kawo. Kyamarata Canon 700D ce, kuma lens ɗin da ta zo da shi 18-55 shi nake ta fama da shi har yau. Da rana a waje ba ni da matsala da shi, amma da an shiga ɗaki ko magariba ta yi shikenan, sai na kai ISO (lambar da ake ɗagawa don kyamara ta ƙara jin haske) 3200 ko 6400 sannan hoto ya fito, shi ma da yashi-yashi a fuska, in kuma na kunna filashi kwalliyar mata ta yi fari fat su yi ta ƙorafi. Satin da ya wuce wata uwar amarya ta nuna min hoton da ƙanwarta ta ɗauka da waya ta ce ai wannan ma ya fi nawa haske, wlh maganar nan ta tsaya min a rai har yau.

To na ɗan tara abin da ya kai dubu 250. Na zaga Ikeja wajen Computer Village, na shiga Legas Ailan, na kuma duba Jiji (kasuwar onlayin), abu uku na gani na hannu waɗanda kuɗina zai iya ko ya kusa iyawa. Akwai Canon 50mm 1.8 STM mai tsafta har da kwalinsa, kusan rabin kuɗin zai ci. Akwai Canon 50mm 1.4 USM, shi zai cinye kusan duka, amma da na ɗaga shi sama na hango wani ɗan abu fari a gefen gilashi daga ciki kamar yanar gizo-gizo, mai shi ya ce ƙura ce kawai ba ta fitowa a hoto. Sai Sigma 30mm 1.4 a hannun wani da zai koma miroles (kyamara marar madubi a ciki), shi sai na ƙara ɗan wani abu a kai.

Ni dai zuciyata na kan 1.4 ɗin Canon don na ga manya na riƙe shi. Me kuka gani?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka biya.

Bari in fara da abin da ya fi damuna a maganarka. Wannan abu mai kama da yanar gizo-gizo ba ƙura ba ce, fumfuna ce. Ƙura ɗigo-ɗigo take, ba ta reshe, ba ta zare. Duk abin da ka ga ya yi zare yana miƙo ƙafafu daga gefe zuwa tsakiya to abu ne mai rai, yana ci yana girma, kuma a garin nan da danshi ba ya ƙarewa ba zai tsaya inda ka gan shi ba. Gaskiya ne yanzu ba za ka gan shi a hoto ba, a nan mai kayan bai yi ƙarya ba. Amma ka ba shi damina ɗaya, za ka fara ganin hoto na yin hazo duk lokacin da haske ya fito ta bayan mutum, baƙi ya daina zama baƙi ya koma toka-toka. Abin da ya fi muni kuma in ta daɗe tana cin shafen da ke kan gilashin, ko an buɗe an wanke tabon na nan ba ya fita. Ni na yi asarar lens biyu a haka tun zamanin fim, na bar su cikin jakar fata a ƙasan wadirof na tafi gida na yi wata uku, da na dawo kamar an yi musu shuka a ciki.

Ko babu fumfunar ma ni ba zan ce ka ɗauki 1.4 ɗin nan ido rufe ba. Tsohon ƙira ne, tun 1993 Canon suka fitar da shi. Yana da kyau ba musu, amma duk mai gyara ya san lagonsa: hancinsa na fitowa waje in yana fokas, in ya ɗan bugu da wani abu yana a waje sai abin da ke juya shi a ciki ya lanƙwashe, daga nan fokas ya dinga maƙalewa a hanya ko ya tsaya cak. Na hannu kuwa ba ka san sau nawa ya sha ƙasa ba. Sannan a 1.4 ɗin da kake so ɗin hotonsa laushi gare shi, akwai wani ɗan hazo-hazo a gefen abubuwa masu haske, sai ka rufe shi zuwa 2 ko 2.8 yake yin kaifi sosai. To ka biya kuɗin 1.4 kana aiki a 2, ina ribar?

Ka yi lissafin da kanka. Lens ɗinka na yanzu in ka ja shi zuwa 55 ƙofarsa 5.6 ce, kuma iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar da haske ke shiga. Daga 5.6 zuwa 1.8 hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma, wato inda kake kai ISO 6400 yanzu, 640 ko 800 ya ishe ka. Wannan shi ne babban tsallen. Daga 1.8 zuwa 1.4 kuwa ƙarin bai ma kai ninki biyu ba. STM ɗin kuma sabon ƙira ne na 2015, gindinsa ƙarfe ne ba roba ba kamar na da mai lamba II, ganyen ƙofarsa bakwai ne maimakon biyar don haka fitilun da ke baya suna fitowa zagaye, kuma yana kama abu tun daga santimita 35, za ka iya ɗaukar zobe da lalle da shi. Dala 125 da ɗoriya aka fitar da shi sabo, ka riƙe wannan a ranka in ana ciniki.

Duk wanda za ka ɗauka a cikinsu ka tafi da kyamararka da mamorinka da batir cike. Ka cire marfi gaba da baya, ka haska tocilar waya ta baya a karkace kana kallo ta gaba, sannan ka juya. 'Yar ƙura kar ta dame ka, babu lens na hannu da ba shi da ita. Zare, hazo kamar an hura numfashi a gilashi, ko ƙarce a gilashin baya, waɗannan su ne abin gudu, ƙarcen baya ya fi na gaba illa nesa ba kusa ba. Ka duba kan sukurori, in sun cinye to an taɓa buɗe shi. Ka shafa bakin da ake ɗaura filta, in ya loɓa ya taɓa faɗuwa ko da an rantse maka. Ka ɗaura shi ka sa f16, ka danna ɗan madannin nan da ke gefen bakin kyamara kana leƙa gaban lens ɗin, ganyen ya rufe ya buɗe da sauri kuma kar ka ga maiƙo a kansa. Ka yi fokas kusa, ka yi nesa, sau ashirin ba sau biyu ba, kana ɗan girgiza shi a hankali, in Err 01 (alamar lens da kyamara sun daina jin juna) ya fito a allo ko sau ɗaya ka ajiye musu kayansu. Kuma a rubuta maka rasit da lambar jikin lens ɗin, don kayan sata na yawo.

Mai Hoton Amare

Baba ya gama magana kan lafiyar kaya, ba abin da zan ƙara. Amma ni ta wani gefen zan zo, don aikin da ka lissafa irin nawa ne, ni ma ɗakunan mata nake shiga a Idi-Araba da Mushin, kamu da sa lalle da suna.

Ƙanina 50mm a kan 700D ba 50 ba ne. Sansar kyamararka, wato abin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, sai ka ninka da 1.6, ya zama kamar 80 kenan. Yanzu ka tuna ɗakin mai jego a gidan haya na Legas, gado ya cinye rabi, ga wadirof ga akwatuna ga mata goma zaune a ƙasa kan leda, ina za ka ja baya? Ni da na sayi 50 farko murna kamar me, ranar da na fara shiga da shi ɗakin amarya sai ga ni manne da bango, ƙeyata na taɓa labule, abin da ke shiga fuskarta ce da kafaɗa kawai, gwaggwaro ma ya yanke, ƙawaye na cewa a ɗauke mu tare ni kuma ba hali, dole na mayar da 18-55 ɗin da na raina. 50 na hoton mutum ɗaya ne, ango a tsakar gida, amarya a bakin taga, a nan ba ya da na biyu a kuɗinsa. Amma ba shi zai raba ka da duhun ɗaki ba in ɗakin bai ba ka wuri ba.

30 ɗin Sigma shi ne ke zama kamar 48, kusan yadda ido ke gani, mutum uku huɗu za su shiga ba tare da ka fita ƙofa ba. Ni da shi nake yin kashi mafi yawa na aikina yanzu.

Ga abin da za ka yi kafin ka kashe ko sisi. Aikin da za ka je na gaba ka tsayar da zum ɗinka a 50 ka manne shi da salatif, ka yi awa ɗaya a haka, sannan ka mayar 30 ka sake awa ɗaya. Jikinka zai gaya maka. Ko ka buɗe tsofaffin hotunanka a laftof ka duba bayanin kowanne, za ka ga lambar da hannunka ya fi tsayawa a kai.

Abu ɗaya kuma da ba wanda ya gaya min sai da na ɓata hotunan mutane: in ka buɗe 50 a 1.8 mutum na nesa da kai mita biyu, abin da ke fitowa da kaifi bai fi santimita goma sha ɗaya ba daga gaba zuwa baya, tsawon ɗan yatsa da kaɗan. Amarya ta fito, ƙawar da ke bayan kafaɗarta ta dushe. In mutane sun wuce biyu ka koma 2.8 ko 4, kuma ka jera su layi ɗaya. Sannan waɗannan duk ba su da abin hana rawar hannu, kar ka sauko da shota ƙasa da 1/125 in da hali.

Ɗan Mile 12

oga ni dai a ganina kar ka wahalar da kanka ka nemi Yongnuo 50 1.8 kawai sabo dal a kwali kuɗinsa bai kai na Canon na hannu ba sauran canjin ka sayi filashi mai kyau da batir, ni da shi na fara na yi shekara ɗaya da rabi da shi kuma ya mayar da kuɗinsa tun a wata na farko, matsalarsa dai ƙara kamar injin markaɗe kuma in wuri ya yi duhu sai ya yi ta kai da kawowa yana neman fokas amma da rana lafiya lau

sai maganar onlayin dan Allah kar ka tura wa kowa kuɗi kafin ka riƙe kaya a hannunka, ni an taɓa yi min wani ya sa hoton lens mai kyau ya ce yana wani gari zai sa min a mota in tura rabi, na tura, abin da ya iso fokas ɗinsa a mace yake sai da hannu, na kira ya ce lafiya lau ya bar hannunsa daga nan layi ya daina shiga, cinikin biri a sama kenan. ku haɗu a wuri mai jama'a da rana ka gwada sannan ka yi tiransifa

kuma 'yan Nikon da ke karantawa ku kula da 50 1.8D mai arahar nan, in kyamararka D3200 ce ko D5300 da ire-irensu ba zai yi fokas da kansa ba don babu injin a bodin, mai G za ku nema ko 35 1.8G DX, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin

Bakanike Ojo

Ni gyara nake yi don haka bari in ɗan saɓa wa Baba kaɗan, da girmamawa. Ba kowace fumfuna ce ke kashe lens ba. In sabuwa ce kuma tana bayan gilashin gaba, ana buɗewa a wanke ta fita tas, na yi da yawa. Inda ba ta da magani shi ne in ta shiga tsakanin gilasai biyu da aka manne, ko ta riga ta ci shafen. Matsalar ita ce ba ka sanin wanne ne sai an buɗe. Don haka in mai 1.4 ya yarda ya zabge kuɗin sosai, kuma ya yarda a kai wa mai gyara ya duba kafin a biya, ana iya magana. A farashin mai lafiya kam a'a.

Kan Sigma kuma ka tambaya wanne ne, don iri biyu ne. Akwai tsohon mai EX da zoben zinare wanda fatar jikinsa ke ɓarewa, akwai Art na 2013 mai harafin A a jiki da lamba 013. Art ɗin ya fi kaifi a gefe-gefe. Amma su Sigma na wancan lokacin a kan Canon suna da halin sauke fokas gaba ko bayan inda ka nufa, ka nufi ido ya kama hanci ko kunne. Masu 70D da 80D da 6D suna da wurin daidaita wannan a cikin menu, 700D ba ta da shi. Abin da ya rage maka sai USB Dock na Sigma, wani ɗan faifai da ake ɗaura lens a kai a haɗa da kwamfuta a gyara, kuma Art kawai yake karɓa, tsohon EX ba ya hawa.

Gwajin ba wuya. Ka jera batir biyar a tebur a karkace, kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa, ka buɗe 1.4 ka nufi na tsakiya ta cikin ido, wato ramin leƙawa na kyamara, ka ɗauka sau biyar, kowane ɗauka ka fara kawar da fokas ɗin tukuna. Sannan ka kunna allo ka ɗauka ta allo. Ta allo sansar ce da kanta ke dubawa, ba ta kuskure irin wannan. In na allo ya fito da kaifi na ido kuma ya kama batirin gaba, ka san halin da ake ciki. Ka gwada a mita ɗaya, ka gwada a mita huɗu, don wani a kusa daidai yake sai a nesa ya kauce.

Kuma in STM ka gwada, zoben fokas ɗinsa ba ya motsa komai sai kyamara na kunne, haka aka yi shi, kar ka ce ya lalace.

Tsohon Hannu

Malam Bakanike gaskiyarka, kai ne a ciki. Abin da ya sa na tsananta, yaron nan kuɗinsa ke nan gaba ɗaya, kuma da kayan zai ci abinci gobe. Mai lens biyar zai iya sayen na shida ya kai gyara ya jira. Shi ba zai iya ba.

MaiHotonAgege

Na gode ƙwarai Baba, Anti, da sauran 'yan uwa, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Na dawo da bayani.

Ranar Asabar na yi abin da Anti ta ce a wani suna a Zango, na manne zum a 50. Wlh ko minti ashirin ban yi ba a ɗakin mai jego na cire salatif ɗin, jariri da hannun kakarsa kawai ke shiga. Amma da aka fito waje wajen maza ana raba goro da dabino, a 50 ɗin na yi ta ɗauka ban ma tuna da zum ba. Da na duba tsofaffin hotuna kuma na ciki yawanci tsakanin 24 da 35 suke.

Litinin na je wajen mai 1.4 da tocila. Abin da na gani da farko ashe kaɗan ne, da haske ya bi ta baya sai ga zaren ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na gilashin, ga wani ƙarami yana tasowa a ɗaya gefen, kuma bakin filta a loɓe. Na yi masa godiya na tafi.

Sigma ɗin Art ne, mai tsafta sosai, mai shi kuma mutumin kirki ya bar ni na yi kusan awa ɗaya ina gwadawa. Ta allo kaifinsa har tsoro ya ba ni, ban taɓa ganin kyamarata ta fitar da irin wannan ba. Amma ta ido a mita ɗaya daidai, a mita uku zuwa huɗu sau huɗu cikin biyar batirin gaba yake kamawa. A kan 80D ɗinsa kuwa lafiya lau don ya daidaita a menu. Ba shi da Dock ɗin, ni kuma ba zan iya aikin biki ta allo ba, 700D na da jinkiri a nan, kafin ta kama an gama abin da ake yi. Raina ya so shi amma na haƙura.

A ƙarshe STM na ɗauka, an rage min wani abu, an rubuta rasit da lamba. Jiya bayan la'asar na ɗauki mahaifiyar wani abokina a bakin ƙofa a f2.2, ISO 400, har zaren mayafinta ana ƙirgawa bayan kuma ya narke, ta riƙe kyamarar ta daɗe tana kallo ta ce a wanke mata babba.

Saura maganar cikin ɗaki. Da canjin da ya rage ina tunanin 24mm 2.8 ɗan siririn nan na Canon, ko in riƙe kuɗin in ƙara in koma wa Sigma in na samu mai Dock? Sannan Baba, yaya zan ajiye lens ɗin kar fumfuna ta kama, ɗakina a ƙasa yake bango har jiƙewa yake da damina.

Mai Hoton Amare

Ma sha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya ya kawo ciniki. 24 ɗin yana da kyau da kaifi ga rashin nauyi, kamar 38 yake zama a wajenka, ɗaki zai shiga. Amma ka sani zum ɗinka a 24 yana wajen f4 ne, zuwa 2.8 ninki biyu kawai ka samu, ba irin tsallen da ka gani a 50 ba ne, kuma in ka koma ful firem, wato mai babbar sansa irin 6D, ba zai hau ba. Ni da ni ce zan riƙe kuɗin. Akwai wata ƙawata mai Dock, in mai Sigma bai sayar ba ka yi min magana ta inbok in tambaye ta ko za ta ara muku na yini ɗaya, sai a daidaita a gabanka a sake gwajin batir ɗin kafin ka biya.

Tsohon Hannu

Ka nemi robar abinci babba mai marfin da ke da roba a baki, wadda iska ba ta shiga. Ka sayi silika jel mai canza kala, mai shuɗi yana komawa ruwan hoda in ya sha ruwa, sai ka gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan har kalarsa ta dawo ka mayar. Ka jefa ɗan agogon awon danshi a ciki, ka ga yana tsakanin 40 da 50. Akwatin lantarki ya fi amma da halin wutarmu robar ta fi maka. Ka ɗora ta a sama nesa da bangon nan, ba ƙasan gado ba, kuma in ka dawo daga aiki ka fitar da kaya daga jaka a daren, kar su kwana a ciki, musamman in ruwa ya taɓa jakar ko ka fito daga hol mai esi gilashi ya yi gumi. Tsohon 18-55 ɗin ma ka haska shi da tocila kafin ka haɗa su wuri ɗaya.